404, 500 da 503: Abin da lambobin nan ke nufi idan shafin intanet ya ƙi buɗewa

Harkokin yau da kullum da dama a Najeriya sun koma kan intanet. A can ɗalibi ke duba sakamakon jarrabawarsa, a can mai neman aikin gwamnati ke cike takardunsa, a can kuma ɗan kasuwa ke biyan haraji ko sabunta rajistar kamfaninsa. Galibin waɗannan hidimomi suna da wa'adi, saboda haka duk ranar da shafi ya ƙi buɗewa, wani na iya rasa gurbin karatu, wani ya rasa damar aiki, wani kuma ya biya kuɗi sau biyu a kan abu ɗaya.

Idan hakan ta faru, abin da aka fi ji a bakin jama'a shi ne "babu sabis". Sai a kashe data a sake kunnawa, ko a canza layi, ko a garzaya shagon kwamfuta a biya kuɗi don a gwada daga can. Alhali sau da yawa shafin da ya ƙi buɗewar ya riga ya faɗi abin da ke damunsa, ta hanyar wata lamba mai alƙaluma uku da ke bayyana a fuskar waya: 404, 403, 500, 502, 503 ko 504. Kowace daga cikinsu tana da ma'anarta, kuma sanin ma'anar ne ke nuna wa mutum ko ya gyara adireshi, ko ya jira, ko ya nemi masu shafin.

Yadda waya da saba ke magana

Kowane shafin intanet yana ajiye ne a cikin wata babbar kwamfuta da ba a kashewa dare da rana, wadda ma'abota fasahar ke kira saba. Idan mutum ya rubuta adireshi ko ya latsa mahaɗi, manhajar da yake shiga intanet da ita, kamar Chrome ko Opera ko Firefox, takan aika buƙata zuwa ga wannan saba, tamkar ɗan aiken da aka tura ofis ya karɓo takarda. Sabar kan duba buƙatar, sannan ta mayar da amsa, kuma abu na farko a cikin amsar shi ne lamba mai bayyana yadda aiken ya kasance.

Ƙa'idar da ke tsara wannan magana ita ce HTTP, haruffan da ake gani a farkon adireshin shafuka. Ta raba amsoshin saba gida biyar, kuma alƙalamin farko na lambar ne ke nuna gidan. Waɗanda suka fara da 1 suna nufin an karɓi buƙata, ana kan aiki. Masu farawa da 2 suna nufin buƙata ta biya, kuma mafi yawansu ita ce 200. Masu farawa da 3 suna nufin abin da ake nema ya koma wani adireshi, a bi shi can. Masu farawa da 4 suna nuna cewa matsalar tana tattare da buƙatar da aka aiko, masu farawa da 5 kuwa suna nuna cewa buƙatar ba ta da aibu, sabar ce ta gaza biyan ta.

Duk shafin da ya buɗe lafiya ya zo ne da lambar 200, sai dai manhajar ba ta nuna ta, domin babu amfanin sanar da mutum abin da yake gani da idonsa. Haka ma lambobin gida na uku, irin su 301 da 302, sukan yi aikinsu a ɓoye, su kai mai nema sabon adireshi ba tare da ya lura ba. Gida na huɗu da na biyar ne kawai ke fitowa fili, shi ya sa jama'a suka san su a matsayin alamun matsala.

Asalin lambobin

Masanin kimiyyar nan ɗan Birtaniya, Tim Berners-Lee, shi ne ya gabatar da shawarar tsarin shafukan intanet a shekarar 1989, lokacin da yake aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da birnin Janeba na ƙasar Suwizalan. Sigar farko ta HTTP, wadda ta fito a 1991, ba ta da waɗannan lambobi ko kaɗan. Idan aka samu matsala, sabar kan aiko da rubutu ne kawai, wanda ɗan Adam zai iya karantawa amma manhaja ba za ta iya bambance shi da shafin gaske ba.

Don magance wannan aka shigo da lambobi masu alƙaluma uku, salon da aka riga aka saba da shi a tsofaffin ƙa'idojin aika fayil da wasiƙar imel. An rubuta su a daftarin HTTP/1.0 na watan Mayun 1996, aka faɗaɗa su a HTTP/1.1 a 1997 da 1999, aka kuma sake tace su a 2014 da 2022 a ƙarƙashin IETF, ƙungiyar injiniyoyin da ke kula da ƙa'idojin intanet. Wannan ne dalilin da ya sa 404 ke da ma'ana ɗaya ko sabar tana Legas ko tana Landan.

Akwai wani labari da ya daɗe yana yawo cewa lambar 404 ta samo asali ne daga wani ɗaki mai lamba 404 a ginin CERN, inda wai aka ajiye sabar farko. Robert Cailliau, injiniya ɗan Beljiyam da ya yi aikin tare da Berners-Lee, ya ƙaryata labarin. Alƙalamin 4 na farko shi ne mai nuna gida, sauran biyun kuwa jeri ne kawai a cikin gidan.

404 da 'yan gidansu

Lambar 404, wadda kan zo da kalmomin Ingilishi "Not Found", tana nufin an isa sabar, ta kuma amsa, amma ba ta ga komai a adireshin da aka ba ta ba. Wannan na nuna cewa layin mai nema yana aiki, data ba ta ƙare ba, kuma babban shafin yana nan da ransa. Ɗan aiken ya isa ofis, an buɗe masa ƙofa, takardar da ya ambata ce babu a ma'ajiya.

Dalilan da ke jawo ta sanannu ne. Kuskuren harafi ɗaya a adireshi ya isa, kuma a sabobi da yawa babban baƙi da ƙaramin baƙi ba ɗaya ba ne a ɓangaren adireshin da ke bayan sunan shafi. Mahaɗin da aka kwafo daga saƙon WhatsApp ko Facebook na iya zuwa a gutsure, ko ya haɗo da aya a ƙarshensa. Wani lokaci masu shafin ne suka goge labarin ko suka rufe tallan aikin bayan cikar wa'adi. Dalili mafi ɓarna kuwa shi ne sake fasalin shafi baki ɗaya ba tare da an haɗa tsofaffin adireshi da sababbi ba, inda dubban mahaɗai ke mutuwa a dare ɗaya.

Ita 404 ba ta faɗin ko ɓacewar ta ɗan lokaci ce ko ta har abada. Lambar da aka tanada don abin da aka cire da gangan kuma ba zai dawo ba ita ce 410, sai dai masu shafuka kaɗan ne ke amfani da ita. Ƙa'idar ta kuma yarda saba ta bayar da 404 a kan abin da yake nan amma ba ta son bayyana cewa yana nan. Dandalin GitHub na masu rubuta manhaja yana yin haka ga wanda ya nemi ma'ajiyar sirri ba tare da izini ba.

Sauran 'yan gidan su ma suna da saƙonsu. Lambar 401 na nufin sai an shiga da suna da kalmar sirri. Lambar 403 na nufin sabar ta fahimci buƙatar amma ta ƙi biya, ko don mai neman ba shi da izini, ko don an toshe ƙasar da yake nema daga cikinta. Lambar 429, wadda aka ƙara a 2012, na nufin mutum ya yawaita aiko da buƙata cikin ɗan lokaci, don haka an dakatar da shi. Akwai kuma 451, wadda aka wallafa ƙa'idarta a 2016, mai nuna cewa doka ko umarnin hukuma ne ya hana nuna shafin. An zaɓi lambar ne don tunawa da littafin Fahrenheit 451 na marubucin Amurka Ray Bradbury, wanda ya fito a 1953, mai labarin ƙasar da ake ƙona littattafai. Bayan dokar kare bayanan jama'a ta Tarayyar Turai ta fara aiki a watan Mayun 2018, wasu jaridun Amurka sun riƙa nuna wa masu karatu daga Turai wannan lamba.

Idan gazawar daga sabar take

Lambobin gida na biyar su ne waɗanda mai waya ba shi da abin da zai iya gyarawa a cikinsu. Lambar 500 ita ce ta gama-gari, tana nufin wani abu ya karye a cikin manhajar da ke tafiyar da shafin, kuma sabar ba ta da ƙarin bayani. Kuskure a rubutun manhaja, ko saiti marar kyau, ko yankewar alaƙa da rumbun bayanai, duk suna iya haifar da ita.

Lambobin 502 da 504 kuwa suna da nasaba da yadda ake gina manyan shafuka a yau. Buƙatar mai nema ba ta cika zuwa kai tsaye ga sabar da ke riƙe da bayanai ba, takan fara biyawa ta wata saba da ke bakin ƙofa, wadda ke rarraba aiki ga na ciki. Idan ta bakin ƙofar ta samu amsa marar ma'ana daga ciki, sai ta bayar da 502. Idan ta yi ta jira har lokacin da aka ɗibar mata ya ƙare ba amsa, sai ta bayar da 504. Kamfanin Cloudflare, wanda shafuka masu ɗimbin yawa ke fakewa a bayansa, yana da nasa ƙarin lambobin, irin su 521 da 522, masu nuna cewa ainihin sabar mai shafin ce ta mutu ko ta ƙi amsawa.

Lambar 503 tana nufin sabar na nan amma ba za ta iya hidima a wannan lokaci ba, ko don cunkoso ko don ana gyara. Ita ce aka fi gani a ranar da aka saki sakamakon jarrabawa, ko ranar buɗe shafin ɗaukar ma'aikata, ko daren ƙarshe na wa'adin rajista, lokacin da dubban ɗaruruwan mutane ke neman shiga ta ƙofa ɗaya. A irin wannan yanayi, yawan latsa maɓallin sake lodawa ƙara wa wuta fetur ne, domin kowace latsawa sabuwar buƙata ce a kan sabar da ta riga ta jigata. Masu kutse ma kan haddasa irin wannan cunkoso da gangan, ta hanyar tura miliyoyin buƙatun bogi daga kwamfutocin da suka kama.

Manyan shafukan duniya ba su tsira ba. A ranar 8 ga Yunin 2021, masu neman shafukan BBC da The Guardian da New York Times da Reddit, har da shafin gwamnatin Birtaniya, sun tarar da lambar 503 na kusan awa guda. Dukansu suna amfani ne da kamfanin Fastly wajen rarraba shafukansu. Kamfanin ya bayyana cewa wani abokin hulɗarsa ne ya canza saitinsa ta halastacciyar hanya, canjin ya tayar da wani ɓoyayyen kuskure a manhajar kamfanin, har kashi 85 cikin 100 na tsarinsa ya koma bayar da amsar gazawa.

Darasin 25 ga Fabrairun 2023

A Najeriya, babu misalin da ya nuna nauyin waɗannan lambobi kamar abin da ya faru a ranar zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023. Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa, INEC, ta yi alƙawarin cewa za a ɗauki hoton takardar sakamakon kowace rumfa da na'urar BVAS, a ɗora shi a shafin IReV don kowa ya gani. Rumfunan sun haura 176,000. Da yammacin ranar, sakamakon 'yan majalisar tarayya ya riƙa hawa shafin, na shugaban ƙasa kuwa ya ƙi.

A rahoton da ta fitar a kan zaɓen a watan Fabrairun 2024, hukumar ta ce abin da sabar ta riƙa mayarwa shi ne lambar 500. Bayanin da ta bayar shi ne an tsara manhajar ta yadda za ta jera kowane zaɓe a ƙarƙashin jihar da ya shafa, kamar yadda aka yi a zaɓukan gwamnoni da na cike gurbi da suka gabata. Zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na wata jiha ɗaya ba ne, saboda haka manhajar ta kasa ƙirƙirar wurin da za ta ajiye hotunansa. Rahoton ya ce sai da misalin ƙarfe 8:55 na dare aka samu ɗora takardar farko bayan an yi gyara.

Jam'iyyun adawa ba su gamsu da cewa tangarɗar na'ura ce kawai ba, kuma batun ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan ƙararrakin da suka shigar. A ranar 26 ga Oktoban 2023, Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar Shugaba Bola Tinubu, ta kuma ce rashin ɗora sakamako a IReV a kan lokaci bai isa ya soke zaɓen ba, domin shafin na kallon sakamako ne, ba a nan doka ta ce a tattara shi ba. Duk da hukuncin, muhawarar da awannin nan suka haifar a kan aika sakamako ta na'ura ta ci gaba a majalisa da kafafen yaɗa labarai.

Idan babu lamba ko kaɗan

Akwai bambanci tsakanin saba ta amsa da lambar gazawa da kuma a kasa isa gare ta baki ɗaya. Idan manhaja ta nuna cewa ba ta iya kaiwa ga shafin ba, ko lokacin jira ya ƙare, ba tare da wata lamba ba, to saƙon daga wayar ne da kanta, domin ɗan aiken bai ma isa ofis ba. A nan ne zancen "babu sabis" ke iya zama gaskiya.

Ƙarewar data na iya jawo haka, kamar yadda matsala a tsarin DNS ke jawowa, wato kundin da ke fassara sunan shafi zuwa lambar sabarsa. A ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɓace na kimanin awa shida, bayan wani kuskuren saiti ya yanke hanyoyin da sauran intanet ke bi su same su. A ranar 14 ga Maris ɗin 2024 kuma, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, lamarin da ya taɓa bankuna da kamfanonin sadarwa a Najeriya da Gana da maƙwabtansu.

Toshewar hukuma ma kan zo da wannan kama. Lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022, kamfanonin sadarwa ne suka tare hanyar, saboda haka abin da masu amfani suka gani shi ne shafi ya ƙi lodawa, sabobin kamfanin kuwa suna ta aiki ga sauran duniya.

Ruɓewar mahaɗai

Lambar 404 ɗaya ƙaramin abu ce, amma idan aka tara su sai a ga yadda tarihin zamanin nan ke zubewa. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta wallafa wani nazari a watan Mayun 2024, inda ta gano cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da ke akwai a 2013 ba sa buɗuwa bayan shekara goma. Nazarin ya kuma nuna cewa kashi 23 cikin 100 na shafukan labarai da kashi 21 cikin 100 na shafukan gwamnati da aka duba suna ɗauke da aƙalla mataccen mahaɗi ɗaya, yayin da kashi 54 cikin 100 na maƙalolin Wikipedia ke da aƙalla madogara ɗaya da ta ɓace.

Tun kafin nan, masu bincike a Jami'ar Harvard, ƙarƙashin Farfesa Jonathan Zittrain, sun gano cewa kusan rabin mahaɗan da ke cikin hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Amurka ba sa kai mai karatu ga abin da alƙalan suka dogara da shi. Wani lokaci ɓacewar kan zo a dunƙule. Kamfanin Yahoo ya rufe dandalin GeoCities a 2009 tare da miliyoyin shafukan da talakawa suka gina. A watan Maris ɗin 2021 kuma, gobara ta cinye wata cibiyar ajiye bayanai ta kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, wasu masu shafuka da ba su da kwafi a wani wuri suka yi asarar komai.

Babbar garkuwar da ake da ita a yau ita ce cibiyar Internet Archive, wadda Brewster Kahle ya kafa a 1996, ta kuma buɗe wa jama'a rumbunta mai suna Wayback Machine a 2001. Rumbun yana ajiye da kwafin ɗaruruwan biliyoyin shafuka, kuma duk wanda ya liƙa masa mataccen adireshi yana iya samun yadda shafin yake a shekarun baya. Wasu ƙasashe sun mayar da abin doka: tun watan Afrilun 2013 manyan ɗakunan karatu na Birtaniya ke da ikon kwafe shafukan ƙasar su adana, kamar yadda suke karɓar kwafin littattafai. Ga harsuna irin Hausa, waɗanda rubutunsu a intanet bai kai na Ingilishi yawa ba, mutuwar shafin jarida ɗaya na iya tafiya da labaran shekaru waɗanda babu kwafinsu a ko'ina.

Abin da mai nema zai yi

Wanda ya ga 404 ya fara da duba adireshin harafi bayan harafi. Idan babu kuskure, ya goge ɓangaren ƙarshe ya koma babban shafin, ya nemi abin ta akwatin bincike, ko ya rubuta kanun labarin a Google. Idan tsohon abu ne, ya gwada Wayback Machine. Wanda ya ga 401 ko 403 ya tabbatar ya shiga da sunansa, wanda ya ga 429 kuwa ya saurara na ɗan lokaci. Ga 500 da 502 da 503 da 504, canza layi ko sayen sabuwar data asarar kuɗi ce kawai. Abin da ya fi shi ne a jira, a sake gwadawa a lokacin da jama'a suka ragu, kamar tsakar dare ko bayan asuba, kuma kada a bar rajista sai ranar ƙarshe.

Wurin da ya fi buƙatar hattara shi ne biyan kuɗi. Idan 502 ko 504 ta fito bayan an latsa maɓallin biya, hakan ba ya tabbatar da cewa kuɗin bai fita ba, domin mai yiwuwa sabar ciki ta kammala aikin, amsarta ce ta makara. Kafin a sake biya, a duba saƙon banki da ragowar kuɗin asusu, a ajiye lambar shaidar cinikin, a kuma ɗauki hoton fuskar wayar da ke nuna lambar da lokaci. Waɗannan ne hujjar da banki ko hukuma za ta nema idan aka kai ƙorafi.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk lokacin da shafin wata hukuma ya cushe, 'yan damfara kan yaɗa mahaɗan bogi da sunan "sabon shafi" ko "hanyar gaggawa", su nemi lambar BVN ko NIN ko ta katin banki. Galibin shafukan hukumomin gwamnati a Najeriya suna ƙarewa ne da .gov.ng, kuma a shafin hukuma na asali ko sanarwarta ta kafafen labarai ne ake tabbatar da kowane sabon adireshi. Haka kuma, idan mai shafi ya yi sakaci rajistar sunan shafinsa ta ƙare, wani na iya saye sunan ya zuba abin da ya ga dama, don haka tsohon mahaɗin da ya buɗe da baƙuwar fuska abin tuhuma ne.

Nauyin da ke kan masu shafuka

Tun a 1998 Berners-Lee ya rubuta wata maƙala yana jan hankalin masu shafuka cewa adireshi ba ya lalacewa da kansa, mutane ne ke canza shi, kuma kyakkyawan adireshi shi ne wanda aka tsara don ya dawwama. Idan sauyi ya zama dole, lambar 301 ce maganinsa, domin takan kai mai nema da injunan bincike sabon wuri kai tsaye. Idan za a rufe shafi don gyara, 503 ce ta dace, tare da bayanin lokacin dawowa, saboda Google na ɗaukar ta a matsayin rufewar wucin gadi, alhali shafin da ya daɗe yana bayar da 404 ko 410 yakan fita daga sakamakon bincike.

Wani kuskuren da ya yawaita shi ne shafi ya rubuta wa mai karatu cewa ba a samu abin da yake nema ba, amma a ɓoye ya aika da lambar 200. Wannan kan rikita injunan bincike da manhajojin da ke farautar matattun mahaɗai. Shafin 404 mai amfani shi ne wanda ya aika da lambar gaskiya, ya yi bayani da harshen da masu ziyara ke ji, ya kuma ba su akwatin bincike da hanyar komawa farko. Wasu ma sun mayar da shi wurin aikin alheri: a 2012 ƙungiyoyin kare yara a Turai sun ƙaddamar da shirin NotFound, inda masu shafuka ke nuna hotunan yaran da suka ɓace a shafukansu na 404.

Ga hukumomin da ke hulɗa da miliyoyin jama'a, aikin ya wuce nan. Ranar sakin sakamako da ranar rufe rajista sanannu ne tun watanni kafin su zo, saboda haka ana iya gwada ƙarfin saba da cunkoson gwaji, a ƙara mata ƙarfi na waɗannan kwanaki, ko a rarraba masu nema bisa jiha ko rana. Ana kuma iya gwada kowane nau'in aikin da manhaja za ta yi kafin ranar da ake buƙatarta, a ajiye kwafin bayanai a wuri fiye da ɗaya, a sabunta rajistar sunan shafi kafin ta ƙare. Idan duk da haka shafin ya faɗi a cikin wa'adi, abin da adalci ke buƙata shi ne hukuma ta sanar da jama'a abin da ya faru da wuri, ta kuma ƙara wa'adin gwargwadon lokacin da aka rasa, domin lambar da ta fara da 5 shaida ce daga sabar hukumar kanta cewa mai neman ya yi nasa.